Gida Naka, Ƙasa Ta Wani: Dokar Ƙayyade Haya da Talakawan Gidajen Tirela a Amurka

 Yau ina so mu leƙa Amurka, mu duba wani irin zaman haya da ba kasafai ake nuna shi a finafinansu ba. A cikinsa akwai amsar wata tambaya da ake yawan cacar baki a kanta: shin daidai ne hukuma ta sa baki a kan kuɗin haya, ko a bar kasuwa ta yi halinta?

Kusan mutum miliyan 20 a Amurka suna zaune ne a gidajen da ake ƙerawa a masana'anta. Ana haɗa gidan gaba ɗayansa, da ɗakunan kwana da kicin da banɗaki, a ɗora shi a kan ƙarfe mai tayoyi, babbar mota ta ja shi zuwa inda za a girke shi. Shi ya sa zan kira su gidajen tirela. Wasu a filin kansu suke girke nasu. Amma miliyoyi ba su da fili, sai su kama gurbi a wata unguwa da mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya mallaka, ya yayyanka ta, ya ja hanya da ruwa da wuta. Irin waɗannan unguwanni sun haura 40,000 a faɗin ƙasar. Mazaunansu galibi tsofaffi ne masu cin fansho, da leburori, da ma'aikatan gona, da 'yan ci-rani. Wannan shi ne gida mafi araha da talakan Amurka zai iya cewa nasa ne ba tare da tallafin gwamnati ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Gidan naka ne, ka saya da guminka, amma ƙasar da yake kai ta wani ce, duk wata sai ka biya kuɗin gurbi. Za ka ce ai da sauƙi, idan mai fili ya matsa maka sai ka ja gidanka ka yi gaba, tunda mai taya ne. Malam, tayar ta yi aikinta sau ɗaya ne kawai, ranar da aka kawo gidan. Da zarar an girke shi, an haɗa bututun ruwa da na bahaya da wayar wuta, an yi masa baranda, to ya zauna ke nan. Ɗaga shi yana cin daga dala 5,000 zuwa 10,000, wani lokaci ma fiye. Idan ya tsufa yana iya wargajewa a hanya. Ko ya isa lafiya, unguwanni da yawa ba sa karɓar tsohon gida, kuma a manyan birane ma babu gurbin da za a saka shi. Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta ambata a wani hukunci na 1992 cewa kusan gida 1 ne kawai cikin 100 ake taɓa ɗagawa daga inda aka girke shi. Wanda ya taɓa ganin mai shagon kwantena da ya zuba siminti ya ja wuta a filin wani, ya san irin wannan zaman. Ranar da mai fili ya ninka kuɗi, ba ka da ta cewa.

Masu kuɗi sun gano wannan tuntuni. Da can yawancin unguwannin na iyalai ne, mai fili ya san mazauna, su ma sun san shi. Daga baya manya suka shigo. Marigayi Sam Zell ya gina kamfanin Equity LifeStyle a kan wannan harka. Kamfanin Warren Buffett ya sayi Clayton Homes, babban mai ƙera irin waɗannan gidaje da ba da bashin sayensu, a 2003 a kan dala biliyan 1.7. Manyan kamfanonin zuba jari irin su Blackstone da Brookfield da Carlyle duk sun sa hannu. Wani mai suna Frank Rolfe, wanda yake da unguwanni da yawa kuma yake koyar da masu son shiga harkar, ya taɓa kwatanta ta da gidan cin abinci da aka ɗaure masu ci da sarƙa a kujerunsu. Ka ji fa, daga bakin mai sana'ar. A 2019 a jihar Ayowa, kamfanin Havenpark ya sayi wasu unguwanni, ya aika wa mazauna takardar ƙarin kuɗi: a garin North Liberty har kashi 58 cikin 100, a Waukee har kashi 69.

Tsohuwar da ke rayuwa da fansho, idan ta ga irin wannan takarda, hanya uku ce a gabanta. Ko ta biya ta rage cin abinci da sayen magani. Ko ta sayar da gidan, wanda darajarsa ta riga ta faɗi saboda duk mai saye zai gaji wannan tsadar. Ko ta kasa biya a kore ta, ta bar gidan a wurin, ƙarshenta ya koma hannun mai fili ya ba wani haya. Masu kare haƙƙin mazauna a Kalifoniya suna da ƙiyasin da suke yawan faɗa: duk ƙarin dala 10 a kuɗin gurbi na wata yana zaftare kusan dala 1,000 daga darajar gidan. Ka ga ke nan ƙarin haya a nan ya wuce taɓa aljihu, yana kwashe dukiyar da mutum ya tara ya mayar da ita asusun mai fili. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka matsayina a fili yake: a irin wannan zama, ƙayyade haya daidai ne, kuma wajibi ne. Sai dai birki ne kawai. Birki yana hana mota faɗawa rami, amma ba ya kai ta gida. Duk wanda ya kafa doka ya naɗe hannu ya ce an gama, ya yaudari talakawan da yake cewa yana karewa. Bari mu bi abin daki-daki.

Kalifoniya ce kan gaba. Kusan birane da gundumomi 100 a jihar suna da dokar ƙayyade kuɗin gurbi, mafi yawansu suna ɗaure ƙarin shekara da hauhawar farashin kaya. Jihar Niyok ta yi doka a 2019 da ta tsayar da ƙari a kashi 3 cikin 100, sai idan mai fili ya kawo hujja, a bar shi ya kai 6. Oregon ta yi tata a wannan shekarar, kashi 7 haɗe da hauhawar farashi, sannan a 2023 ta ce ko me ya faru kar ya wuce 10. Jihar Washinton a 2025 ta sa kashi 5 ga gidajen tirela. Masu fili ba su zauna ba. A 1988 mutanen garin Escondido suka kaɗa ƙuri'a aka mayar da haya zuwa yadda take a 1986, aka ce ba ƙari sai da izinin majalisar gari. Iyalan Yee masu unguwanni biyu suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, suna cewa an ƙwace musu ƙasa ba diyya. A 1992 kotu ta ce a'a, ku da kanku kuka buɗe filinku ga 'yan haya, tsara alaƙarku da su ba mamaye ƙasarku ba ne.

Masana tattalin arziki da yawa ba sa ƙaunar ƙayyade haya, kuma suna da hujja, kar mu raina ta. Masu bincike na jami'ar Stanford sun duba abin da ya biyo bayan faɗaɗa dokar haya a San Francisco a 1994. Sun gano cewa waɗanda dokar ta rufe sun fi zama daram a gidajensu, amma masu gidajen sun janye kusan kashi 15 cikin 100 na gidajen daga kasuwar haya, abin da ya tura hayar sauran birnin sama da kusan kashi 5. Wato an taimaki na ciki, an ƙuntata wa na waje. Amma wancan binciken a kan gidajen bene ne, inda mai gida shi ya gina, shi ke gyaran rufi, kuma ɗan haya yana iya tattara kayansa ya tafi. A unguwar tirela, mazaunin ne ya kawo gidan, shi ke gyaran rufinsa da famfonsa. Abin da mai fili ya kawo shi ne ƙasa da hanya da bututu. Kasuwa tana aiki ne idan mai saye yana iya cewa na fasa. Wanda aka ɗaure da sarƙa ba ya ciniki.

Suna kuma cewa dokar tana hana gina sababbin unguwanni. To ai Kalifoniya ta cire guraben da aka fara bayarwa haya bayan 1 ga Janairu 1990 daga ƙarƙashin dokokin ƙayyade haya, amma duk da haka ba a ga ana ta gina sababbi ba. A jihohin da suka haramta ƙayyade haya ma haka abin yake. Abin da ya toshe hanya shi ne dokokin tsara gari: masu hali ba sa son unguwar talakawa kusa da su, majalisun gari kuwa ba sa ba da izini.

Inda masu sukar suka fi gaskiya shi ne a kan wanda zai zo daga baya. Idan doka ta ce haya ba za ta tashi ba ko da gidan ya canza hannu, to mai sayarwa yana sayar da abu biyu ne: gidan, da kuma damar zama a gurbi mai araha. A shari'ar Guggenheim da garin Goleta, masanin da masu fili suka kawo ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na farashin da ake sayar da gidajen unguwar kuɗin wannan dama ce, ba kuɗin katako da kwano ba. Masana biyu, Carl Mason da John Quigley, sun yi rubutu a 2007 a kan haka: ribar dokar tana tafiya ne aljihun wanda yake zaune lokacin da aka kafa ta, sabon shiga kuwa ya biya ta tun a farashin saye. Ga shi bashin sayen irin wannan gida ya fi na gidan ƙasa tsadar ruwa, domin a takarda ana lissafa shi kamar mota ne. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma duk mai goyon bayan dokar ya kamata ya haɗiye ta.

Amma mu duba ɗaya gefen. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Goleta gaskiya, ta ce masu filin sun saye shi a 1997 dokar tana nan, farashin da suka biya ya riga ya yi la'akari da ita. Sannan ga abin da ya faru a Santa Cruz. Bayan doguwar shari'a mai cin kuɗi, birnin ya janye dokarsa a 2003. Tsofaffin mazauna unguwar De Anza sun samu yarjejeniyar dogon zango, amma duk sabon mai saye sai ya biya hayar kasuwa, wadda ta kai dubban daloli a wata. Darajar gidajen ta rushe, mutanen da suka zuba abin da suka tara a rayuwa suka rasa mai saye. To ka ga, ko da doka ko babu, darajar ƙasa tana hawa, kuma dole wani ya ci wannan hawan. Tambayar ita ce wa zai ci: kamfanin da ya sayi fili jiya, ko ma'aikacin da ya shekara 30 yana biyan kuɗin gurbi? Ni dai na san inda na tsaya.

Sai maganar muhalli, wadda ta shafi rai kai tsaye. Yawancin unguwannin nan an gina su ne shekaru 50 ko 60 da suka wuce. Bututun ruwa da ramukan bahaya da wayoyin wuta duk mallakar mai fili ne, kuma sun tsufa. Masu fili suna cewa idan ka danne haya, da me za mu gyara? Tambaya ce mai ma'ana. Dokar da aka rubuta da ka, wadda ba ta bar ƙofar mayar da kuɗin babban gyara ba, tana iya sa mai fili ya zuba ido bututu ya ruɓe, ƙazanta ta malala cikin ƙasa ta shiga rijiya.

Sai dai in da rashin doka ne ke kawo gyara, da wuraren da ba su da ita sun zama abin misali. Ba haka aka gani ba. Jihar Kolorado ta haramta ƙayyade haya tun 1981. A 2022 'yan majalisa suka so sa iyaka ga kuɗin gurbi, Gwamna Jared Polis ya yi barazanar ƙin sa hannu, aka cire. Duk da wannan 'yancin ƙarin kuɗi, koke-koken gurɓataccen ruwa sun yi yawan da sai da jihar ta yi doka ta musamman a 2023 don a gwada ruwan kowace unguwar tirela. A unguwar Oasis da ke kwarin Coachella, inda ma'aikatan gona fiye da 1,000 suke zaune a ƙasar wata ƙabilar 'yan asalin Amurka da dokokin jiha ba su cika kaiwa ba, hukumar kare muhalli ta tarayya ta ba da umarnin gaggawa a 2019 saboda gubar arsenik a ruwan sha ta kusa ninka iyakar da aka yarda sau 10. Jihar Arizona ma ta haramta ƙayyade haya. A gundumar Maricopa, inda birnin Phoenix yake, zafi ya kashe mutum 645 a 2023, shekarar da aka yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye. Gidajen tirela kusan kashi 5 ne na gidajen gundumar, amma masu bincike na jami'ar jihar sun gano kusan kashi 30 na waɗanda zafi ke kashewa a cikin ɗaki a cikinsu suke mutuwa. Sai a 2024 aka yi dokar da ta hana mai fili hana mazauni saka na'urar sanyaya ɗaki. Kuɗin da aka ƙara bai koma cikin bututu ko inuwar bishiya ba, domin wanda ba ya tsoron ka tashi ba shi da dalilin faranta maka.

Akwai kuma lafiyar gidajen kansu. Sai a watan Yuni 1976 dokar ingancin ƙira ta tarayya ta fara aiki, kuma har yau akwai gidajen da suka girme ta ana zaune a ciki: bango siriri, ga shan wuta, ga saurin kama gobara. Bayan guguwar Andrew ta share kusan dukkan gidajen tirela na garin Homestead a Filorida a 1992, sai aka tsaurara ƙa'idar jure iska a 1994. Wani bincike na 2022 ya nuna gidan tirela 1 cikin 7 yana wurin da ke da babban haɗarin ambaliya, alhali sauran gidaje 1 ne cikin 10. Gobarar dajin Almeda ta Satumba 2020 a Oregon ta cinye gidaje fiye da 2,000, kuma unguwannin tirela ne suka fi ji a jika. Maganin duk wannan kuɗi ne: sabon rufi, ƙarfen ɗaure gida da ƙasa, ɗaga shi sama da ruwa, ko sauya tsoho da sabo. To wane mai hankali zai ci bashi ya yi wannan, alhali bai san ko baɗi za a ƙara masa kashi 60 ba? Kwanciyar hankali a kan kuɗin gurbi ita ce ke ba mazauni ƙarfin gwiwar gyara gidansa. A nan dokar tana taimakon muhalli, ba cutar da shi take ba.

Babban ramin da dokar ba ta rufe ba shi ne rufe unguwa ɗungurungum. Idan gari ya bunƙasa ƙasa ta yi tsada, haya kuma tana daure, kwaɗayin sayar wa masu gina benaye yana ƙaruwa. A Palo Alto, tsakiyar arzikin kamfanonin fasaha, mai unguwar Buena Vista ya nemi rufe ta a 2012, mutum kusan 400 suka shiga zulumi. Sai a 2017 birni da gunduma da hukumar gidaje suka haɗa dala miliyan 40 da 'yan kai suka saye ta. Ba kowane gari ke da wannan aljihu ba. Inda aka rufe, tsofaffin gidaje juji suke tafiya, mazauna kuma su koma can bayan gari, kullum suna ƙona mai na sa'o'i don zuwa aikin da a da suke zuwa da ƙafa ko keke. An gudu ba a tsira ba.

To mene ne maganin? Mutanen New Hampshire sun nuna shi. A 1984 iyalai 13 a garin Meredith suka ga za a sayar da filin da suke kai, suka haɗu suka kafa ƙungiyar gama kai, wata gidauniyar ba da rance ta jihar ta ba su bashi, suka saye shi. Daga baya jihar ta yi doka cewa mai fili ba zai sayar ba sai ya ba mazauna sanarwar kwana 60 su kawo nasu tayin. Yau unguwannin da mazauna suka mallaka a wannan ƙaramar jiha sun haura 140. A 2008 aka kafa ROC USA don yaɗa tsarin, kuma ta taimaka wa unguwanni fiye da 300 a faɗin ƙasar. A irin wannan unguwa, mazauna ne ke zama su yanke kuɗin wata, su ne ke yanke ko a sauya bututu, domin su ke shan ruwan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sauƙi ne da shi ba, akwai bashi, akwai rigimar taro, wani lokaci ma kuɗin wata yakan ɗan tashi a farko don biyan rancen. Amma rigimar wa zai ci hawan darajar ƙasa ta mutu, domin mai gida da mai ƙasa sun zama mutum ɗaya.

Saboda haka doka mai kyau ƙafa huɗu gare ta. A sa iyakar ƙari da ke tafiya da hauhawar farashi, don mai fili ma kar ya karye. A ba shi damar mayar da kuɗin babban gyara a hankali, amma sai ya nuna rasit kuma an gwada ruwan an ga ya gyaru. A sa sharaɗi mai nauyi da diyya ta gaskiya kafin a rufe unguwa. Sannan a ba mazauna haƙƙin fara saye, tare da rancen da zai sa haƙƙin ya zama na gaske. In aka cire ƙafa ɗaya, sauran ukun za su yi ɗingishi.

Mu ma nan gida maganar haya tana tasowa duk lokacin da rayuwa ta yi tsada. Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma wanda ya nemi gida a can zai gaya maka yadda ake bin ta. Abin da labarin Amurka ke koya mana shi ne, kafin mu ɗaga murya mu ce a ƙayyade ko kar a ƙayyade, mu fara tambaya: wa ya zuba dukiyarsa a wurin, wa ke iya tashi ya tafi, wa zai yi gyara, kuma ƙasar ta wace ce? Inda talaka ya kafa gininsa a ƙasar wani, doka za ta iya rage masa zafi, kuma ya cancanci a rage masa. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da takardar filin ta koma hannunsa, ranar ce zai yi barci da ido biyu a rufe. Allah Ya sa mu gane.